Da ƙasa aka gina tsohuwar Kwalejin Katsina

Malam, ka tambaya ko da gaske ginin ƙasa ce tsohuwar Kwalejin Katsina. Haka ne. Gwamna Hugh Clifford ne ya buɗe ta a 1922 domin horar da malamai, kuma a cikinta Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kafin a mayar da ita Kaduna a 1938. Magina sun jera tubali da laka, suka yi rufin soro da azara, bangon kuwa mai kauri ne, yana riƙe sanyi ko da rana ta take, abin da bulo da kwano ba sa yi. Tunda kana nan Jos, in kana son ganin irin wannan ginin ƙasa, ka leƙa gidan tarihi inda aka kwaikwayi masallacin Juma'a na Zariya, ka ɗaga kai ka dubi bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe rufin.