Shirin yara da babba zai iya zama ya kalla

'Yar'uwa, kin tambayi abin da ke sa shirin yara ya yi ingancin da babba zai zauna ya kalla tare da su. A ganina sirrin yana cikin labarin, kamar yadda tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi take ba yaro dariya alhali kakarsa tana hango wayo da kwaɗayin mutanen da ta sani. A ƙauyenmu kusa da Bichi, katun ɗin da masu turi ke saka wa yara a waya yawanci hayaniya ce kawai, fassarar kuma ba ta zauna ba. Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ba za ta iya ganin duk abin da ke shiga memori ba, don haka ki fara kallonsa da kanki.