Oga ya ce mu sake ajiye jadawalin asali don rahoto ya daina nuna ja

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ke riƙe da jadawalin aiki a wani kamfanin gine-gine a Gombe, muna aikin magudanar ruwa da kwalbatoci a wajen Tumfure, da manhajar tsara jadawalin aiki ta Primavera P6 muke amfani. Kuɗin kashi na biyu sun maƙale, damina kuma ta ƙarato. Oga ya ce in fitar masa da tsari biyu, ɗaya idan kuɗi sun fito a wannan wata, ɗaya idan sai bayan damina. Yanzu kwafi huɗu ke gabana, har na fara rikicewa. Sannan wani ya ba shi shawara mu ɗora sabon tsarin a kan Baseline, wato jadawalin asali da ake auna ci gaban aiki da shi, don jinkirin ya ɓace daga rahoto. Wallahi hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Maganar kwafi mai sauƙi ce. Jadawali mai rai ɗaya ne tak, shi kaɗai ake shigar wa da ci gaban aiki a matsar masa da ranar bayanai, wato ranar da bayanan ci gaban suka tsaya. Tsarin gwaji kuwa, P6 na da abin da ake kira Reflection. Ka ƙirƙiro shi daga jadawali mai rai, zai fito da matsayin What-if, wato na gwaji, ka yi duk sauyin da kake so a cikinsa. Wanda oga ya amince da shi sai ka mayar cikin na ainihi, manhajar za ta nuna maka sauye-sauyen kafin ta haɗe su. Kwafin da ka riga ka yi da hannu ma ka mai da su What-if. In ka bar su a matsayin aiki mai gudana, lissafin kayan aiki na iya nuna maka motar haƙa ɗaya tana aiki a wuri huɗu rana guda. Kowanne ka rubuta masa kwanan wata da dalilinsa a cikin sunan.

Shawarar ɗora sabon tsari a kan Baseline ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai na ci karo da ita. Mutum ya yi ɗan kwas na 'yan kwanaki, ya karɓi takarda, ya dawo yana koya wa 'yan kwangila cewa sabunta jadawali shi ne goge Baseline a ajiye sabo. Ja ya koma kore, kowa ya tashi daga taro yana murna. To amma kwalbatin da ba a zuba ba tana nan ba a zuba ba.

Jadawalin asali shi ne shaidarku. Shi ke nuna cewa kun shirya gama haƙa da zuba kankare tun cikin rani, rashin biya ne ya tura ku cikin ruwan Agusta, lokacin da rami ke cika da yashi dare ɗaya. Ranar da za ku nemi ƙarin wa'adi, injiniyan da ke sa ido zai ɗora abin da aka tsara a kan abin da ya faru, ya ga inda jinkiri ya faro da wanda ya jawo shi. In kun goge na farko, da hannunku kun rubuta cewa babu wani jinkiri. Rahotanninku na wata-wata su za a ɗauko a kafa muku hujja, a ƙarshe tarar jinkiri ta hau kanku alhali laifin ba naku ba ne. Kuma kwafin da kuka miƙa tun farko yana ofishinsu, ranar da aka gwada biyun aka ga sun saɓa, maganarku ta daina nauyi.

Babu ma abin da ya tilasta gogewa. P6 na barin ka ajiye Baseline da yawa a aiki ɗaya, Microsoft Project ma na ɗaukar 11. Sabo yana shiga ne kusa da tsoho, shi ma sai an amince da sabon jadawalin a rubuce.

Yau ɗin nan ka fitar da jadawalin asali a fayil na XER, nau'in fayil ɗin da P6 ke fitar da jadawali a ciki, ka adana a wajen kwamfutar ofis. Sannan ka duba takardar kwangilarku. In sharuɗɗan kwangila na ƙungiyar injiniyoyi ta duniya, FIDIC, na 1999 ne, sashe na 20.1 ya ba ku kwana 28 ku ba da sanarwa daga lokacin da kuka san, ko ya kamata ku san, da abin da ya jawo jinkirin, in ya wuce haƙƙin ya faɗi. Ka kai wa oga wannan sashe tare da tsare-tsaren biyu, ka roƙe shi wasiƙar sanarwar ta fita a makon nan.