Tambaya da Amsa: Kwal ɗin Maiganga zai yi girki kamar gawayi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da tambaya. Buhun gawayi ya yi tsada, gas kuma ba a ma magana, to maigidana yana yawan ganin tireloli cike da baƙin dutsen nan da ake haƙowa a Maiganga, shi ne yake cewa wai ai duk gawayi ne, zai samo mana mu riƙa zubawa a kurfoti. Da gaske abu ɗaya ne?
Daga wata mai karatu, Kumo, jihar Gombe

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Toh ki ce wa maigida ya dakata tukuna. Ta wani ɓangaren yana da gaskiya, duka biyun asalinsu tsiro ne kuma abin da ke ci da wuta a cikinsu ɗaya ne, sinadarin kabon. Amma daga nan hanya ta rabu.

Gawayin da kike saya aikin mutum ne. Ana sare itace, a jera gungume, a rufe da ciyawa da ƙasa a bar 'yan ƙofofi, sai a sa wuta ta yi ta ci a hankali kwana da kwanaki ba tare da iska ta wadace ta ba, ruwan itacen da hayaƙinsa su fita, abin da ya rage shi ne gawayi, shi ya sa ba ya hayaƙi sosai don an riga an ƙone hayaƙin tun a daji. Kuma itace suna suka tara, ki tambayi maƙera, gawayin ƙirya suke nema saboda nauyinsa da daɗewar wutarsa, marke ma ba laifi. Wanda kika ɗaga kika ji shi sakayau, ko ana hurawa yana tartsatsi yana zama toka nan da nan, to itacen banza ne.

Shi kuwa kwal ba wanda ya ƙona shi. Dazuzzuka ne na fadama da suka mutu laka ta binne su, ƙasa ta yi ta hawa kai, nauyi da zafi suka yi ta matsa su shekaru miliyoyi har suka koma dutse. Hawa-hawa ne: akwai lignait mai laushi da damshi da hayaƙi, akwai bituminos da ake harkar lantarki da narka ƙarfe da shi, sai antirasait mai tauri da sheƙi wanda ya fi kowanne kabon. Na Maiganga yana cikin na ƙasa-ƙasa ne, kamfanin siminti na Ashaka ke ƙona shi a manyan tandunansa.

Mu nan Najeriya a 1909 aka gano kwal a Udi kusa da Inugu, saboda shi Turawa suka ja layin dogo zuwa Fatakwal, da shi jiragen ƙasa na da suke tafiya kafin zuwan dizal. A can ne ma 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙa 21 a Iva Valley ranar 18 ga Nuwamba 1949. A Nijar kuma kamfanin Sonichar na haƙa shi a Anu Araren ta wajen Agadas, yana ba ma'adinan yuraniyom na Arlit wuta.

To batun girki. Ɗanyen kwal in kika sa a kurfoti, da farko wahalar kamawa, in ya kama kuma hayaƙi mai kauri da warin farar wuta, ga kwalta-kwalta da zai lafta wa tukunya, balle a ce gasa nama ko masara a kai, wallahi kar ma ki fara, dattin kai tsaye cikin abincin zai shiga, ƙirjin yara kuma shi zai biya. A Nijar suna girki da kwal, gaskiya ne, amma sai an gasa shi a masana'anta an fitar da hayaƙin tukuna, ba wanda aka tsinto a gefen tirela ba.

In tsada ce matsalar, nemi murhun nan mai yumɓu a ciki, yana rage cin gawayi sosai, kuma in kin sauke tukunya ki kashe ragowar garwashin ki adana. Sannan a lokacin sanyi, ko gawayin ma kar a shiga da kasko ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta, iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri ne alamar farko, in an ji haka a fito waje da sauri a nufi asibiti.