Sikana ba ta nuna komai ba, to mene ne amfanin IRM?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ɗan shekara 63 ne. Cikin wata uku mantuwa ta kama shi, yana tangaɗi in yana tafiya, hannuwansa kuma suna zabura. An yi masa sikana ba a ga komai ba, amma likita ya ce mu kai shi Yamai a yi masa IRM, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, har ya ambaci cutar Creutzfeldt-Jakob. Ga nisa ga tsada, shin wannan hoton ya zama dole? Daga wata mai karatu a Tawa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƴar'uwa, Allah ya ba baba lafiya. A ganinmu shawarar likitan tana kan hanya, domin a wannan cuta sikana kan fito lafiya lau ko da ciwon ya fara nisa.

Musabbabinta wani furotin ne da ake kira firiyon, wanda kan lanƙwashe ba bisa ƙa'ida ba, ya kuma ja ƴan'uwansa su lanƙwashe, har ƙwaƙwalwa ta cika da ƙananan ramuka kamar soso. Ramukan sun yi wa sikana ƙanƙanta, amma akwai wani salon IRM mai bin motsin ruwa a cikin ƙwaƙwalwa, kuma shi ya kamata a tabbatar an yi. Inda cutar ta taɓa yakan fito da haske, ko dai siririn zare mai bin lanƙwasar ɓawon ƙwaƙwalwa, ko kuma a wasu curarrun sassa na can ciki masu kula da motsin jiki. A nau'in da aka gano a Birtaniya a 1996, mai alaƙa da naman shanu masu cutar, hasken yakan taru ne a ɓangaren baya na wani sashen can cikin ƙwaƙwalwa da ake kira talamus.

Sai dai hoton shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Farfaɗiya mai tsanani, kumburin ƙwaƙwalwa da faɗuwar sukarin jini duk suna iya ba da kamannin wannan haske, saboda haka ake haɗa shi da gwajin ruwan ƙashin baya da awon lantarkin ƙwaƙwalwa.

Cutar ba ta da yawa, mutum ɗaya zuwa biyu cikin miliyan take kamawa a shekara, kuma har yanzu ba ta da magani. Waɗancan masu kama da ita kuwa ana iya magance su in an gano da wuri, shi ya sa ba ma son ku jinkirta tafiyar. Ku riƙe hoton sikanar da takardun magungunansa, sannan ku rubuta wa likitan jijiyoyi lokacin da kowace alama ta soma.