Kek ɗin Jarirai Ba Tare da Sukari Ba

Tambaya: Anti, ɗana wata tara ne, da ya ga muna cin kek sai ya miƙo hannu. Akwai wanda zan gasa masa da kayan lambu, babu sukari? Zan iya sa zuma? Daga wata uwa a Gwammaja.

Amsa: 'Yar'uwa, zuma kam a'a sai ya cika shekara 1, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai kashe wa jariri jiki. Ayabar da ɓawonta ya fara baƙi ta isa zaƙi.

Ki turara kabewa, kada ki dafa ta cikin ruwa, don takan sha ruwa tsakiyar kek ya caɓe. Ki dama kofi 1 na kabewar da ayaba 2, ƙwai 1 da man gyaɗa babban cokali 3. Ki zuba gurzajjen karas rabin kofi, gurza mai laushi sosai saboda maƙewa. Sai fulawa kofi 1 da rabi da bekin foda ƙaramin cokali 2. Gishiri babu. Da garin ya ɓace ki daina juyawa. Yawan bugu ne ke sa shi tauri.

Ki shafa wa gwangwanayen kek mai, ki zuba ba cikawa ba, ki gasa a oben mai zafin maki 180 na Celsius na minti 20. Babu oben? Yashi a tukunya kan garwashi, ki rufe ruf. Ki soka tsinke, in ya fito a bushe ya gasu.

In bai taɓa cin ƙwai ba, ki fara gwada masa kaɗan daban, ki lura da ƙuraje ko kumburi. Da zafin Kano kuma, kada kek ɗin ya kwana a waje. A firji kwana 3.