Finafinan teku ga yara: a biya kuɗin wata ko a haƙura?

Tambaya: Yarana uku sun ga wani shiri na kifayen teku a gidan maƙwabta, tun daga nan suka hana ni sakat. Babansu ya ce mu biya Netflix. Ni damuwata, shin irin wannan kallo yana koya wa yaro kula da muhalli, ko ɓarnar kuɗi ce? Daga wata uwa a Unguwan Rimi, Kaduna.

Hajiya, kada ki yi gaggawar biya. Shirin Our Planet na 2019, mai kashi 8, Netflix da kanta ta saka shi kyauta a YouTube tun 2020, kuma kashi 2 daga ciki kan teku suke kacokan. Data kawai za ki saya. Ki sauke su da garaɓasar dare, yara su yi ta maimaitawa ko ba intanet. Idan sun cinye waɗannan har suna neman ƙari, sai ku yi shawarar biyan kuɗin wata da maigida.

Batun tasiri kuwa, akwai shi, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. A 2017 BBC ta fitar da wani shirin teku mai suna Blue Planet II da muryar David Attenborough, fitaccen mai gabatar da shirye-shiryen halittu ɗan Birtaniya. A ciki aka nuna tsuntsayen teku suna ɗura wa 'ya'yansu ɓaraguzan roba a zaton abinci ne, aka kuma nuna wata uwar kifi whale, ƙatuwar dabbar teku mai shayarwa, tana yawo da gawar ɗanta ta ƙi saki. Hankalin mutanen Birtaniya ya tashi ƙwarai, kuma a 2020 Ingila ta hana sayar da tsinken shan lemo na roba. Sai dai wani bincike da aka wallafa a shekarar ya gano cewa masu kallon shirin sun ƙaru da sani, amma da aka ba su zaɓi, ba su guji abin da aka ƙunshe a roba ba. Tausayi daban, sauya hali daban.

Saboda haka ki zauna ku kalla tare. Da Turanci ake bayanin, ƙananan za su buƙaci ki fassara musu. Yaron da bai taɓa ganin teku ba zai ɗauka labarin wata duniya ce, sai kin jawo masa shi gida. Ledar fiya wata da ya yar a kwata, ruwan sama zai kwashe ta zuwa Kogin Kaduna, shi kuma a Jihar Neja yake haɗuwa da Kogin Kwara, wanda ke zuba a Tekun Atlantika. Da yawa ma ba ta kaiwa can, magudanarmu take toshewa a watan Agusta. Ki ba su buhu guda na tara leda da robar ruwa, babban ya zama mai kula da shi.

Tambaya: Ni malamin firamare ne a Kawo. In sayi majigi don nuna wa ɗalibai?

Malam, da wutar da muke samu, ni ban ba ka shawara ba. Ƙaramin majigi mai araha ba ya nuna hoto sosai da rana, ga zurfin teku dama duhu ne. Talabijin mai aiki da batir ko sola, wadda ake soka wa filas, za ta fi yi maka aiki. Ka riƙa nuna minti 15, sauran lokacin ka bar su su yi tambaya.