Yamaha ɗin babur da Yamaha ɗin fiyano

Assalamu alaikum jama'ar gida. Na ji tambayar da ƙanenmu ya ajiye tun da hantsi, wai shin Yamaha da ke jikin babur shi ne na jikin fiyanon da ake kiɗa da shi a sitidiyo, ko kuwa suna ne kawai ya zo ɗaya. Na ga wani ya ba shi amsa wai masu babur ne suka faɗa harkar kiɗa daga baya. A'a ɗan'uwa, ka juya zancen, kiɗan ne uba, babur ɗa ne. Ni kuwa na san abin da kake son ji, yadda aka yi mai kayan kiɗa ya koma ƙera inji. To saurara.

Mutumin sunansa Torakusu Yamaha, ɗan Japan, an haife shi a 1851. Kuma ba makaɗi ba ne, ku riƙe wannan. Mai gyara ne irina. Agogo ya koya, ya koma gyaran kayan asibiti a wani gari da ake kira Hamamatsu. A 1887 wata makarantar firamare ta garin fiyanonsu ya lalace... a'a, na yi kuskure, ba fiyano ba ne, ogan ne, irin mai iska ɗin nan da ake taka shi da ƙafa, ƙirar Amurka. Aka rasa mai taɓa shi, aka ce a kira mai gyaran kayan asibiti. Ya buɗe, ya gyara. Amma bai rufe ya karɓi kuɗinsa ya tafi ba, sai da ya zauna ya zana duk abin da ke cikin akwatin nan, ya ce shi ma zai iya ƙera irinsa.

Wannan wurin ne yake taɓa ni wallahi. Shekara huɗu na yi a hannun wanda ya koya min gyara, ba zan kama suna ba, Allah ya ji ƙansa. In aka kawo fiyano irin ta sitidiyo, da zarar ya kwance murfin baya sai ya aike ni sayen dalma, ko akwai dalma a shago. In na dawo da wuri ya ja tsumma ya rufe allon. Shekara huɗu! Robar nan da ke ƙarƙashin madannai, wadda in ƙura ta shiga sai ka danna ka ji shiru, abin da ɗan burushi da sifirit ke magancewa cikin minti goma, sai da na bar hannunsa na gano da kaina, a kan fiyanon wani da na kusa lalatawa. Me zai rage shi da shi in ya nuna min? Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Yarana na shago, duk abin da na buɗe sai sun leƙa, wanda ya kau da kai ma faɗa nake masa.

To, ina muka tsaya... Yauwa. Torakusu ya ƙera nasa ogan ɗin shi da wani maƙerin kayan ado, kuma yadda ake ba da labarin, rataya shi suka yi a sanda suka saɓa a kafaɗa, suka tsallake duwatsun Hakone har Tokiyo, tafiyar da ta haura kilomita 200, don masana kiɗa su duba. Suka duba suka ce muryar ba ta saitu ba, ba ta da amfani. Bai yi zuciya ba, ya zauna nan ya koyi yadda ake saita murya, ya koma gida ya sake wani, aka karɓa. Shi ya sa tambarinsu, ka je ka duba tankin babur ɗinka yanzu, ƙarafa uku ne masu baki biyu kamar gwafa, an gicciya su. Ƙarfen saita murya ne, wanda ake bugawa a kai kunne. Mutane na ta hawa babur da alamar kayan kiɗa ba su sani ba.

A 1897 ya kafa kamfani mai suna Nippon Gakki. 1899 ya tafi Amurka ya zaga masana'antun fiyano ya ga yadda suke yi, 1900 suka fitar da fiyanonsu na farko, mai tsaye, 1902 suka yi babban nan mai kwance. Ya rasu a 1916.

Kuma don Allah, in na ce fiyano a nan, ba wannan ta roba da muke jona wa wuta ba. Fiyano na ainihi ba ruwansa da lantarki. Madannai 88, wayoyin ƙarfe sama da 200 a ɗaure tamau a ciki, kowane madanni da 'yar gudumarsa mai kan ulu da ke dukan waya. Sau ɗaya na taɓa buɗe irinsa, a zauren wata tsohuwar makaranta a Jos. Ɓera ya cinye ulun gudumomin, hunturu ya tsaga katakon bayan, amma da na ja waya ɗaya da farce sai da zauren ya amsa. Na daɗe a tsaye ina kallon aikin. Na ce musu wannan ya fi ƙarfina, kada su bari mai gyaran rediyo ya... to, bar wannan, wani zance ne.

Batun babur. Da yake sun gwanance da sarrafa katako, sai aka ba su aikin farfelar jirgin sama, ta katako da farko, daga baya ta ƙarfe, har lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Yaƙi ya ƙare, ga injinan sarrafa ƙarfe a ajiye. Shugaban kamfanin na lokacin, Genichi Kawakami, ya ce a yi babur da su. Aka yi YA-1, mai inji 125, an kwaikwayi wani na Jamus, kuma a 1955 aka ware ɓangaren babur ya zama kamfani mai zaman kansa. To ka ji, yau kamfani biyu ne, uba ɗaya. Na babur ja ne tambarinsa, na kiɗa ruwan shuni-shuni.

Af, na manta Kawai. Wanda ya taɓa ganin fiyano an rubuta Kawai, shi ma yaron gidan ne. Koichi Kawai tun yana ɗan shekara 11 ya shiga hannun Yamaha, kuma an nuna masa komai, ba a aike shi sayen dalma ba. A 1927 ya fita ya kafa nasa a garin dai na Hamamatsu, har yau suna gogayya.

Sunan Yamaha ma sai 1987 kamfanin kiɗan ya ɗauke shi a hukumance, da aka cika shekara 100 da gyaran ogan ɗin nan na 1887. Kafin nan a 1983 sun fitar da DX7, na lantarki, wanda ya cika waƙoƙin duniya a lokacin, ga kuma jerin PSR da yaranmu ke haɗa kiɗan fim da na biki da su. Har wani tsohon kamfanin fiyano na Ostiriya, Bösendorfer, da aka kafa tun 1828, yanzu a hannunsu yake.

Ƙanena, in fiyanon taka ce ta kawo tambayar, wadda ka ce madanni uku sun yi shiru, kada ka zuba mata man inji, kada ka bari kowa ya zuba. Kawo ta shago bayan La'asar, kuma ka zo da lokacinka, don a gabanka zan buɗe ta.